Babi na Shida: Wa Zai Zo Idan Mota Ta Tsaya a Hanyar Hijira?

Daga Madina duk inda ka nufa tafiya ce mai nisa. Makka ta haura kilomita 400 ta hanyar Hijira, Jidda ma kusan haka. Yanbu, wadda mutanen gari suke ɗauka nan kusa ce, ta wuce 200. Wanda ya miƙi hanyar Tabuka ta Khaibara da Taima zai ci kusan 700 kafin ya sauke kaya, mai zuwa Ƙasim kuwa da ya bar Hanakiyya sai fili fetal, ba gida ba inuwa. Gefen waɗannan hanyoyi akwai harra, baƙin dutsen nan na aman wuta da ya kewaye gari, wanda na kudu, Harrat Rahat, ya yi amansa na ƙarshe a 1256, wato shekara ta 654 bayan Hijira. Da rani zafi yakan haura digiri 45, na kwalta kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Tun 2018 aka ɗaga iyakar gudu a sassan hanyar Makka da Madina zuwa kilomita 140 a awa ga ƙananan motoci. Ka haɗa wannan gudu da wannan zafi da tayar da ta kwana biyu, mota cike da iyali da kaya, ka ga dalilin da ya sa gefen titi ba ya rabuwa da tarkacen roba.

Idan ka tambayi mai mota a Madina abin da zai yi in motarsa ta tsaya a can wajen Yutama ko Wadil Fara'i, amsa biyu za ka fi ji. Mai sabuwar mota zai ce, “Ai tana cikin garanti, wakala za ta zo ta ɗauka,” yana nufin wakilin kamfanin motar. Mai tsohuwa zai ce, “Ina da ta'amin,” yana nufin inshora. Duka biyun sun faɗi wani abu na gaskiya, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa buɗe takardar suka karanta abin da aka yi musu alkawari, sai ranar da rana ta take, wayar ta rage kashi goma, yara suna kuka a baya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan babi fafe gorar ne tun ana gida.

Taimakon mai mota a kan hanya tushe biyu gare shi a duniya, kuma ya kamata a san su, don duk abin da ake sayar mana a nan daga ɗayansu ya samo asali.

Na farko shi ne kulob, ƙungiyar masu motoci. Lokacin da mota ta fara bazuwa a Turai da Amurka babu gidan mai a kowace kwana, babu bakanike, 'yan sanda kuma ba sa ƙaunar wannan sabon abu mai tayar da ƙura yana firgita dawakai. Sai masu motocin suka haɗa kai. A Ingila aka kafa wadda ta zama RAC a 1897, AA kuma a 1905, kuma aikin AA na farko shi ne tura mutane a kan kekuna su gargaɗi 'yan ƙungiya inda 'yan sanda suka laɓe suna kama masu gudu. A Amurka AAA ta kafu a Chicago a 1902, a Jamus kuma ADAC a 1903. Sannu a hankali aikin ya koma ceton wanda motarsa ta mutu a hanya. Yau ADAC tana da mambobi sama da miliyan 21, Jamusawa suna kiran masu sintirinta “mala'iku masu ruwan ɗorawa” saboda launin motocinsu, kuma a 2023 kaɗai sun fita ceto kusan sau miliyan uku da rabi. AAA tana da mambobi sama da miliyan 60.

Abin da ya bambanta kulob shi ne kai yake bi. A tsarin ADAC da AAA katin na mutum ne: ko a motarka kake, ko ka ari ta ƙaninka, ko sabuwa ko mai shekara ashirin, in ta tsaya za su zo. Kuma wanda zai zo bakanike ne, da akwatin kayan aiki da na'urar gwaji da sababbin batura a bayan motarsa. Burinsa ya tayar da motar a wurin, don jan mota ya fi tsada ga ƙungiyar. Shi ya sa manyan kulob ɗin Turai suke cewa cikin mota biyar da suka je wa, kusan huɗu a gefen titi ake gama da su. Ƙididdigar ADAC ta shekara-shekara tana nuna cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na motocin da suka mutu batir ne kawai. Wannan a Jamus ke nan, inda sanyi ke kashe batir. A Madina zafi ne ke cinye shi, yana ƙafar da ruwan cikinsa, kuma duk wanda ya daɗe a garin ya san batirin da ya cika shekara biyu ya yi ƙoƙari.

Tushe na biyu kamfanin da ya ƙera motar ne, ko wakilinsa. Shi daga baya ya zo, kuma dabarar ciniki ce, ba laifi ba ne a faɗa. Kamfani yana so ka sayi motarsa hankali kwance, yana kuma so ka riƙa dawowa garejinsa yin sabis. Sai ya ce in ta tsaya a hanya cikin wa'adin garanti, kira wannan lamba, mu za mu ɗauke ta. A Turai wasu sun kai abin nesa: Mercedes tana sabunta wannan alkawari duk lokacin da aka yi sabis a garejinta, har motar ta kai shekara 30. A Saudiyya kowace mota da wakalarta. Toyota tana hannun Abdul Latif Jameel tun 1955, Mazda tana hannun Haji Husein Alireza, Chevrolet da GMC akwai Aljomaih, Mercedes Juffali, Hyundai kuwa an raba ta yanki-yanki tsakanin Naghi da Wallan da Almajdouie. Kowace wakala da irin alkawarinta da irin wa'adinta, galibi tsakanin shekara 3 da 5, ko adadin kilomita da aka yanka, duk wanda ya riga cika. Doka ta hana garanti ya gaza shekara 2.

Wannan taimako motar yake bi, lambar jikinta aka rubuta. Duk wanda ke tuƙa ta zai iya kira, amma kai mai ita in ka hau wata motar ba ka da komai. Kuma hanyarsa guda ce: daga inda ta mutu zuwa garejin wakala. Ba za su kai maka ita Sana'iyya, unguwar gareji, wurin bakaniken da ka saba da shi ba. Ga sabuwar mota wannan alheri ne, don motocin yanzu kwamfuta ce ke juya rabin aikinsu, kuma in matsalar daga masana'anta take, gyaran kyauta ne. Ƙa'idojin Ma'aikatar Kasuwanci ma sun ba ka ƙarfi a nan: in wakala ta wuce lokacin da ta ɗiba na gyara, wajibi ne ta ba ka wata motar ka riƙa hawa, ko ta biya ka kashi ɗaya cikin 400 na kuɗin motar a kan kowace ranar jinkiri. Motar riyal 80,000 ke nan riyal 200 kullum. Mutanenmu da yawa ba su san da wannan ba, suna ta zarya da tasi mako biyu suna godiya in an ce musu gobe. Lambar ƙorafin ma'aikatar 1900 ce. Ma'aikatar ta kuma sha bayyana cewa yin sabis na yau da kullum a wajen wakala ba ya soke garanti, muddin an bi ƙa'idar kamfanin kuma an ajiye rasit. Sai dai a kula, garanti daban, kyautar jan mota daban. Ta biyun wakala ce ke tsara sharuɗɗanta, kuma tana iya ɗaure ta da yin sabis a wurinta.

Babban aibin taimakon wakala shi ne lokacin da yake ƙarewa. Shekarun farko, lokacin da mota ba ta cika tsayawa ba, yana nan. Ranar da fanfon ruwa ya fara kuka, fanbel ya tsattsage, lagireto ya fara ɗiga, ya riga ya tafi, kuma ba wanda zai buga maka waya ya sanar da kai. Mai yawan zuwa Makka ma ba ya kai shekarun. Zuwa da dawowa ɗaya ya kusa kilomita 900. Wanda ke yin wannan sau biyu a wata, ban da zirga-zirgar cikin gari, zai ga kilomita 100,000 ta cika tun shekara 5 ba ta cika ba.

To ina kulob ɗin a Madina? Akwai ƙungiyar motoci ta Saudiyya, SATA, wadda take ƙarƙashin kamfanin SASCO, mai gidajen man nan da wuraren hutawa da ake gani a manyan hanyoyi, wanda aka kafa a 1982. Amma abin da mutane suka fi saninta da shi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ne da takardar fita da mota waje, wadda ake kira tiribtik. Irin sintirin ADAC, bakanike cikin mota mai launi yana yawo yana jiran kira, bai zama al'adar ƙasar nan ba. Abin da ya tsaya a gurbinsa abu biyu ne. Ɗaya ƙarin da ake yi a kan inshora, wanda ake rubutawa “musa'ada alaɗ ɗariƙ”, taimako a kan hanya. Ɗaya kuma manhajojin waya irin su Morni, wadda ta fara aiki a 2015, inda za ka iya biyan kuɗin shekara ko ka biya duk lokacin da ka kira. Waɗannan su ne za a auna da na wakala, kuma akasarinsu, saɓanin kulob ɗin Turai, da lambar mota ake ɗaure su. Duk wanda ke da mota biyu a gida ya tambaya kafin ya biya.

Maganar inshora tana bukatar a tsaya a kanta, don a nan aka fi yin asara. Inshorar dole, wadda ake kira diddal gairi, wanda ka buge take biya. Motarka ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Tun 1 ga Oktoba 2023 na'ura ce ke kama wanda ba shi da ita, shi ya sa kowa ya yi, kuma shi ya sa kowa ke cewa “ina da ta'amin”. Mai faɗi, shamil, ita ce ke gyara taka motar, amma bayan haɗari. A ƙa'idojin da Babban Bankin ƙasar ya shimfiɗa, kafin a miƙa harkar ga Hukumar Inshora da aka kafa a 2023, shamil tana ɗaukar kuɗin ja da ajiyar motar da ta yi haɗari, riyal 500 a cikin gari, 1,000 a wajen gari. Motar da ta yi zafi ta tafasa, ko giyarta ta ƙi shiga, ko batirinta ya mutu, ba haɗari ta yi ba. Wannan sai in ka zaɓi ƙarin taimakon hanya lokacin sayen inshorar. Kamfani zai nuna maka shi a matsayin zaɓi, ɗan akwati ne da ake dannawa, kuma yawancin masu saye ta waya suna tsallake shi don farashi ya sauka da 'yan riyaloli.

Haka nan Najm, kamfanin da aka kafa a 2007. Na sha jin mutum ya ce in mota ta lalace Najm zai kira. Aikin Najm shi ne zuwa wurin haɗari ya duba, ya ɗauki hoto, ya raba laifi kashi-kashi, ya ba da takardar da za a kai wa inshora. Ba ya tayar da batir, ba ya canza taya. In akwai rauni ko gobara ma, maganar ta wuce shi, ta koma ta Murur, wato 'yan sandan kula da zirga-zirgar motoci, da motar asibiti.

A cikin gari bambancin waɗannan hanyoyi bai cika fitowa ba. Ka fito daga sallar isha'i a Ƙuba, ka murɗa makulli, ka ji ƙaƙ-ƙaƙ-ƙaƙ, fitilun gaban sitiyari suna lumshewa. Kafin ka gama neman lambar wakala wani ya tsaya da Hilux, ya leƙo ya ce, “Ishtirak?” Ya ciro wayoyi ja da baƙi daga ƙarƙashin kujera, ja a kan ja, baƙi a jikin ƙarfen inji, ka murɗa ta tashi, ka ce jazakallahu khairan ya ɗaga hannu ya wuce. Mutanen Madina ba su da rowar irin wannan taimako. Ko ba a samu ba, mai banshar, wato mai facin taya, yana kusan kowace unguwa, kuma saɗaha, janwen ƙasar nan mai shimfiɗaɗɗen baya, ba ta da wuyar samu a kan titin Sarki Abdullahi. Kuɗin jan mota daga Awali ko Aziziyya zuwa Sana'iyya ba ya karya mutum. Inda za a ɗan sha wuya shi ne wurin ajiye motoci na ƙarƙashin harabar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ire-irensa na otal-otal, don ba kowace saɗaha ke iya sauka can ba. In a irin wurin ta mutu, ka faɗa wa mai amsa waya tun farko don ya san abin da zai turo.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, ko wakala ka kira, ko inshora, ko manhaja, sau da yawa mutum ɗaya ne zai zo. Ba su cika mallakar motocin jan da kansu ba, kwangila suke bayarwa ga kamfanonin taimako, su kuma su tura wa direban saɗahar da ya fi kusa. Ko a Ingila AA da RAC ne ke yi wa kamfanonin mota da dama wannan aiki da sunansu. Saboda haka kada tambarin da ke kan kati ya ruɗe ka. Abin da ka saya shi ne sharaɗin da ke cikin takarda: kilomita nawa za a ja kyauta, zuwa ina, sau nawa a shekara, kuma wa zai biya abin da ya haura.

A wajen gari ne waɗannan tambayoyi suke zama kuɗi. A ce kana dawowa daga umara, ka wuce rabin hanya, allurar zafi ta haye ja, tururi ya taso daga gaba. Ka gangara gefe, ka kashe. A ce takardarka ta yi alkawarin ja kyauta na kilomita 50, ko ta ce “zuwa gareji mafi kusa”. Gareji mafi kusa a wannan wuri wata rumfa ce a bayan gidan mai, mai gyaran taya da canjin baƙin mai, ba shi da kan silinda ba shi da na'urar gwaji. Madina kuwa saura kilomita 180. Direban saɗaha ya iso bayan awa ɗaya da rabi, ya sauko yana goge wuya da ƙyalle, ya zagaya motar.

“Ina za a kai ta, ya Hajj?”

“Madina, ya mu'allim. Kamfani ne zai biya.”

Ya duba wayarsa, ya juyo maka da fuskarta. “Kamfani ya biya zuwa nan. Sauran a kanka.”

Ba zaluntarka ya yi ba, shi ma zai dawo wannan nisa ba kaya, da man da zai ƙona. Amma cinikin da ake yi a gefen titi, rana tsaka, da mace da yara a tsaye, ba ciniki ba ne, abin da ya faɗa shi za ka biya, kuma ɗaruruwan riyal ne. A nan taimakon wakala yakan yi rinjaye in motar tana cikin wa'adi, don shi dole garejin wakala zai kai ta, garejin wakala kuwa sai babban gari. Sai dai “mafi kusa” na iya zama Jidda alhali gidanka Madina, ka koma gida ba mota, ka sake tafiya ɗauko ta. A tambayi wannan tun ranar karɓar makulli, lokacin da mai sayarwa yake da fara'a da lokacin amsawa.

Idan ya zo ɗora ta, ka tsaya ka gani. Zai karkato bayan motar har ya taɓa ƙasa, ya jawo igiyar ƙarfe. Motocin yanzu suna da wani ƙarfe mai zobe a cikin kayan safaya, da ɗan murfi a jikin bamba inda ake ɗaura shi. Nan ake maƙala ƙugiya. Mai gaggawa zai so ya saƙala ta a duk ƙarfen da hannunsa ya samu a ƙasa, ya lanƙwasa abin da ba shi ya lalace ba. Mota mai giyar otomatik kuma ba a janta da igiya tayoyinta suna gudu a ƙasa na dogon zango, ko da ɗan'uwa ne ya zo da niyyar alheri, don gyaran giyar zai ninka kuɗin saɗaha sau da yawa. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin ta hau, ka ɗauki lambar saɗahar, ka kwashe istimara, wato takardar rajistar motar, da sauran takardunka.

Yanzu saura mutanen da ke cikin motar, kuma wannan ne ya fi damuna. Gaban saɗaha mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka. Iyalin Bahaushe da ya fito umara ba ya gaza shida, da tsohuwa, da jariri. Manyan tsare-tsaren kulob a Turai suna biyan otal ko tikitin jirgin ƙasa ko motar haya don iyali su isa gida. A nan kada ka ɗauka akwai wannan sai ka gan shi a rubuce. Jirgin Haramain da ya fara aiki a 2018 yana haɗa Madina da Makka ta Jidda da birnin Sarki Abdullahi kusa da Rabig, amma ba ya tsayawa a tsakiyar harra. Don haka kowane irin kati kake da shi, ruwan sha mai yawa a mota wajibi ne, da abin cajin waya, da laima ko babban mayafi da za a yi inuwa. A fitar da kowa daga motar ta ƙofar da ba ta kallon titi, a tsaya bayan shingen ƙarfe, nesa da ita, don manyan motoci da masu gyangyaɗi sun hallaka mutane da yawa a kafaɗar hanya. A kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya sosai. Kada a buɗe murfin lagireto yana zafi. Sannan a kira jami'an tsaron hanya, Amnul Ɗuruƙ, a 996, ko 911. Ba za su gyara motar ba, amma tsayuwar motarsu da fitila a bayanka tana iya zama abin da ya raba iyalinka da mutuwa. Wanda kuma ya sauka daga kwalta ya kafe a yashi ko a cikin kwari, ya sani yawancin takardun nan sun cire wannan. A nan ƙungiyoyin sa-kai irin su Injad suke aiki, ta hanyar sanar da hukuma.

Hausawa sun daɗe a Madina. Akwai zuriyar waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka ratso Sudan a ƙafa, akwai ɗaliban Jami'ar Musulunci da aka buɗe a 1961, akwai ma'aikata da direbobin gidaje da 'yan kasuwa. In ka duba abin da akasarinmu muke hawa, Camry ce ko Corolla ko Accent ko tsohuwar GMC da aka saya a haraj, kasuwar tsofaffin motoci, ta wuce hannu biyu ko uku, garantinta ya ƙare tun tana wurin mai ita na farko. Ga waɗannan maganar wakala ba ta taso ba. Kulob ɗinmu na gaskiya shi ne wayar ɗan'uwa: a kira wane, shi ya san wani mai saɗaha, wane kuma zai fito da motarsa ya kwaso iyali. Wannan zumunci abin alfahari ne, kuma ya yi abin da babu kamfanin da zai yi, don babu takardar da za ta kawo wa tsohuwa abinci da ƙarfe biyun dare. Amma yana da iyaka. Ɗan'uwan yana wurin aiki, ko ya yi tafiya, ko tasa motar ba ta fi taka lafiya ba. Bai kamata mu riƙa ɗora wa zumunci nauyin da 'yan riyaloli a shekara za su ɗauke ba. Ba na ba da shawarar a buɗe asusun tara kuɗi don wannan, don tara kuɗin jama'a a ƙasar nan sai da izinin hukuma. Abin da ba ya bukatar izini shi ne kowane zauren zumunci ya ajiye lambobin masu saɗaha biyu ko uku da aka gwada aka ga amanarsu, na hanyar Makka daban, na hanyar Yanbu da Badar daban, a kuma san farashinsu tun ana zaune lafiya.

Akwai kuma gaskiyar da ba a son faɗa. Wasu 'yan'uwa suna ɗaukar fasinja da motar gida tsakanin Madina da Makka, abin da ake kira kadda. Ban da tarar da hukumar sufuri take yankawa, duk takardun da muka ambata, na wakala da na inshora da na manhaja, an rubuta su ne a kan motar amfanin gida. Ranar da aka gane haya ake yi da ita, kamfani yana da hujjar zame jiki, kuma ranar ita ce ranar da aka fi bukatarsa. Baƙon da ya zo umara ya ɗauki motar haya ta kamfani kuwa, lambar da zai kira tana cikin kwangilar hayar. Ya tabbatar da ita kafin ya bar ofishin, kada kuma ya kai motar wani gareji da kansa ba da izininsu ba.

Ga inda na tsaya. Mai sabuwar mota da ba ya yawan fita gari, taimakon wakala ya ishe shi, kada ya biya kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya. Ya dai rubuta ranar ƙarewarsa da adadin kilomitarsa a inda zai riƙa gani. Mai sabuwar mota da hanyar Makka ko Tabuka ta zame masa gida, ya kira wakala ya ji ko suna ɗauka daga ko'ina, ko suna zuwa wa fashewar taya da ƙarewar mai da makullin da aka kulle a ciki, don wasu lalacewar inji kaɗai suka sani. In amsar ba ta gamsar ba, ya ƙara da na inshora. Mai motar da ta fita garanti, wato yawancinmu, ya sayi taimakon hanya, a kan inshora ko ta manhaja, kuma wajen zaɓe ya bar kallon farashi ya dubi nisan ja a wajen gari da 'yancin zaɓen garejin da za a kai ta. Tsarin da ya fi araha amma ya tsaya a iyakar gari ba shi da amfani ga mutumin Madina, don a cikin gari ba ka rasa mai taimako.

Kafin tafiya ta gaba, ka durƙusa gefen kowace taya, har da safaya, ka nemi lambobi huɗun da ke cikin ɗan zobe a jikinta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta tsufa ka canza ta ko da zanenta bai cinye ba, ka sa a gwada batirin a Sana'iyya, sannan ka buɗe takardar inshorarka ka nemi layin taimakon hanya. In babu shi, ka kira kamfanin yau ka ji nawa ne ƙarinsa.